Tirelar ɗaukar mota: aksil ɗaya ko biyu?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana da injin walda, hannunsa kuma ya faɗa, yana so ya ƙera ƙaramar tirelar da zai riƙa ɗora mota a kai yana ja da a-kori-kurarsa. Motocin da yake nufi irin su Corolla da Camry ne, waɗanda suka mutu a hanya. Tambayarsa ita ce: aksil, wato sandar ƙarfen da ke riƙe taya a kowane gefe, ɗaya ya isa, ko sai biyu?

Malam, kafin a yi maganar wanne ya fi, ɗauko biro mu yi lissafi, domin rabin amsar tana nan. Corolla tana kai kilo 1,300, Camry kuma wajen 1,500. Tirelar ƙarfe mai gado mita 5 ita kanta, babu komai a kanta, tana kai kilo 800 zuwa 1,000. Wannan nauyin na biyu shi mutane suke mantawa, sai ka ga mutum ya auna motar kawai ya tafi sayen aksil. Idan ka haɗa Camry da tirelarta, kana maganar kilo 2,400 ko kusa da haka. Kamar kashi 10 cikin 100 na wannan zai sauka a bayan motar da ke ja, ragowar fiye da tan biyu kuma aksil ne zai sha.

To, aksil ɗin da aka fi yi wa ƙananan tireloli shi ne mai ɗaukar fam 3,500 a ma'aunin nauyi na Amurka, wato kilo 1,590 ke nan. Guda ɗaya bai isa ba, ko da Corolla ce, ko da ka rage ƙarfe ka yi gadon da sauƙi. Guda biyu suna ba ka kilo 3,175, in ka cire nauyin tirelar kana da sararin fiye da tan biyu. Har Hilux za ta hau, ko da yake ita kam ta kawo ka gargara.

Wani zai ce ai akwai aksil ɗaya mai ƙarfi, na fam 5,200, kilo 2,360 ke nan. Gaskiya ne akwai, kuma a takarda zai ɗauka. Matsalar a taya take. Ƙafa biyu kacal gare ka, kowace za ta ɗauki fiye da tan ɗaya. Tayar tirela mai lamba 205/75R15 ta ajin C a ƙarfin ɗaukar kaya iyakarta kilo 825 ne, saboda haka dole ka nemi manyan tayoyi da manyan rim. Babbar taya tana ɗaga madigadi, madigadi mai tsawo kuma yana tare ƙofar motar da ka ɗora. Ka hau da mota lafiya, ka rasa ta inda za ka fito sai ta taga. Da aksil biyu kuwa, kowace ƙafa kamar kilo 550 take ɗauka, tayoyi matsakaita sun wadatar, gadon kuma ya zauna ƙasa-ƙasa.

Sai fashewar taya, wadda ita ce ta fi damuna. Mai aksil ɗaya idan tayar dama ta fashe kana gudu, wannan ɓangaren gaba ɗaya ya faɗi a kan rim, tirelar ta karkace da mota a bisa, ta fizgi bayan motarka. Mai biyu kuwa 'yar'uwarta tana nan ta riƙe, ka samu ka rage gudu ka gangara gefe. Ba wai ka ci gaba da tafiya a haka ba, don tayar da ta rage tana ɗauke da nauyin biyu, amma dai ta saya maka lokaci.

Kada in zalunci aksil ɗaya, yana da nasa amfanin. Ƙarfe kaɗan, taya biyu, boris na ƙafa biyu kawai za ka riƙa shafa wa giris. Mutum ɗaya zai iya tura shi da hannu ya juya shi a cikin fili. Mai aksil biyu ba ya yarda da wannan, don a matsattsiyar kwana tayoyinsa gogar ƙasa suke yi ta gefe, kana jin ƙararsu, suna cinyewa a hankali. Idan abin da za ka ɗauka babur mai ƙafa uku ne, ko janareta, ko 'yar ƙaramar motar da ba ta kai kilo 800 ba, aksil ɗaya ya ishe ka, na biyun ɓarnar kuɗi ne. Amma ba wannan ka tambaya ba.

In ka tsaya a kan biyu, akwai wani zaɓin a ciki: sifirin na ganye, ko aksil mai roba a ciki wanda ke murɗawa. Ga mai ƙira a gida na fi son na ganye. Tsakanin sifirin na gaba da na baya akwai wani ɗan ƙarfe mai lilo da ke raba nauyi, ƙafar gaba ta hau tudu, ta baya ta taya ta ɗauka. Mai roba ya fi laushi a hanya, amma kowane aksil harkar gabansa yake yi. Idan tirelar ba ta miƙe sambal da motar da ke ja ba, aksil ɗaya zai riƙa shan wahalar biyu ba ka sani ba.

Wurin da za ka kafa su ya fi yawansu muhimmanci, a nan ne ma na ga mutane da yawa sun yi asarar aikinsu. Ido yana so ya sa aksil a tsakiyar gado, don ya fi kyan gani. Kada ka bi ido. Tsakiyar aksil biyun ta kasance kamar kashi 60 cikin 100 na tsawon gado daga gaba, wato a gado mai mita 5, mita 3 daga goshi. Abin da ake nema shi ne kashi 10 zuwa 15 na dukan nauyin ya danna wuyan tirela, wato ƙarfen gaba da ake maƙala wa motar da ke ja. Idan ya gaza, da ka ɗan taka mota sai tirelar ta fara kaɗa gindi hagu da dama, kowane kaɗi ya fi na baya, har ta juya motar da ke janta. Na taɓa ganin wadda aka yi wa walda tsaf kamar ta kamfani, amma an dasa aksil a tsakiya, dole aka yanke maratayan sifirin aka matsar da su baya. Saboda wannan dalilin ne ake hawa da mota ta gaba, inji ya fuskanci wuya. Mai inji a baya irin tsohuwar Beetle ita ce ake hawa da ita da baya-baya.

Kuma kafin ka ƙone walda, ka ɗiga kawai, ka auna. Daga mahaɗin wuya zuwa ƙarshen aksil na dama, da daga mahaɗin zuwa na hagu, su zo daidai. Haka tazarar aksil biyun ta zo ɗaya a kowane gefe. Wannan wahala ce da mai aksil ɗaya bai sani ba sosai: guda biyu in ba su jeru ba, faɗa suke yi da juna duk tsawon tafiya, tayoyi su biya kuɗin.

Birki kuwa babu ɗaya babu biyu a cikinsa, dole ne. A ƙasashen Tarayyar Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, a yawancin jihohin Amurka kuma iyakar fam 3,000 ce, wato kilo 1,360. Taka ta wuce duka biyun nesa. Birkin motarka an yi shi ne don nauyinta, ba don ƙarin tan biyu da rabi suna tura ta a gangara ba. Akwai na lantarki, wanda sai ka ɗaura masa na'urar sarrafawa a motar da ke ja, akwai kuma mai kama kansa idan tirela ta tunkuɗo wuya, wanda ba ya buƙatar wata na'ura a motar da ke ja. In hali ya yi, sa wa ƙafafu huɗun duka.

Sauran abu biyu da za ka duba tun ƙarfe bai iso ba. Na farko, littafin a-kori-kurarka: nawa kamfani ya ce za ta iya ja? Aksil biyu ba ya ƙara mata ƙarfi. Na biyu, ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka, wanda wuya zai hau. Akwai mai milimita 50, akwai mai inci 2, a ido kamar ɗaya suke amma ba ɗaya ba ne, inci 2 milimita 50.8 ne. Ka sayi ƙwallo da mahaɗinsa masu lamba ɗaya, sannan ka sa sarƙa biyu ka gitta su a ƙarƙashin wuya, yadda ko ya zame zai faɗa a kansu, ba a kan titi ba.