Kafin ka sa hannu a kwangilar VDI, ka tambayi abin da zai faru da ƙarfe takwas na safe

A tsarin VDI (Virtual Desktop Infrastructure, wato kwamfutar aiki da ake shiga daga nesa) ma'aikaci ba shi da komai a gabansa sai allo da madannai da linzami. Windows ɗin da yake gani yana gudana ne a cikin wata sabar, ko a ɗakin sabar na kamfani ko a girgije (sabar haya da ake kaiwa ta intanet), hotonsa kawai ake turo masa. Da rana tsaka duk tsarin da ka saya zai yi maka kyau. Wurin da ake rarrabe su shi ne rabin sa'ar nan ta safe, lokacin da kowa ya zauna ya buga kalmar sirrinsa kusan a tare. Ɗaruruwan Windows suna tashi, manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana lalube, ana ɗauko saituna da fayilolin kowane mutum, Outlook yana jawo wasiƙu, kuma duk wannan a kan ma'adana ɗaya yake sauka. Idan faifan ya gaza, yawan masarrafi ba zai ceci kowa ba.

Wannan ma'auni nake sa wa gaba domin ya taɓa ƙona ni. A wani kamfani da na yi wa aiki, dillalin da ya kafa tsarin ya yi lissafinsa ne a kan matsakaicin nauyin yini. Kullum da safe sai ka ga mutane sun zuba wa da'irar nan mai juyawa ido, wasu su kashe su sake kunnawa, su ƙara wa ma'adanar nauyi. Wata ma'aikaciya a sashen kuɗi tana buga lambobi a Excel, sai ta ɗaga hannu sannan lambobin su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshenta ta koma rubuta su a takarda tukuna. Ba laifinta ba ne, kuma ba laifin intanet ba ne kamar yadda aka yi ta gaya mata.

Na biyu shi ne nisa. Haske a cikin zaren fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, wato kowane kilomita 1,000 tsakanin ma'aikaci da sabar yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, kafin a lissafa tsaye-tsayen hanya. Microsoft da kansa ya ce a ƙasa da milisakan 150 aikin ofis na yau da kullum yana tafiya daidai, idan aka haura 200 mutum zai fara ji a hannunsa. Babu kuɗin da zai sayi gajeriyar hanya. Don haka ka fara duba inda cibiyar bayanan take kafin ka duba sunan da ke kan takardar talla.

Yanzu ga manyan tsare-tsaren da ke kasuwa. Amazon WorkSpaces yana nan tun 2014, yana aiki, amma ban ga dalilin zuwa wurinsa ba sai idan dama duk kayan kamfaninka a AWS, girgijen Amazon, suke. Windows 365, wanda ya fito a 2021, kwamfuta guda ce ga mutum guda a kan kuɗin wata tsayayye. Ya dace da ofishi mai mutum kaɗan da ba shi da ma'aikacin fasaha, sai dai kana biyan kuɗin na'urar da ke barci duk dare. Horizon, wanda asalinsa na kamfanin VMware ne, fasaharsa ba ta da aibu, amma Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, sannan ya sayar da sashen kwamfutocin ma'aikata ga KKR a 2024, aka sa masa suna Omnissa. Wanda ya riga yana da Horizon ya riƙe abinsa. Sabon mai saye ya yi tunani sau biyu, domin galibi lasisin Horizon daga wani kamfani zai fito, na vSphere, manhajar sabar da yake gudana a kanta, daga wani.

Citrix ya cancanci a ɗan tsaya. Tun 1989 yake wannan sana'a, kuma a kan layin intanet mai rauni har yanzu HDX, fasaharsa ta turo hoton allo, ita ce abin da ake gwada sauran da ita. Idan kana da dubban ma'aikata a warwatse da tsofaffin manhajoji masu rigima, zai iya zama amsarka. Amma kuɗinsa da nauyi, yana son ƙwararre a kansa kullum, kuma ɓarakar tsaron da aka gano a NetScaler, ƙofar shiga tsarinsa, a Oktoban 2023 ta nuna abin da ke samun kamfanin da ke riƙe da ƙofar shigarsa da kansa idan ya yi jinkirin sabunta ta.

Zaɓina Azure Virtual Desktop ne, kuma ba na ɓoyewa. Ya fito a Satumban 2019 da sunan Windows Virtual Desktop, aka canza masa suna a 2021. Babban abin da ya ɗaga shi shi ne Windows 11 mai zama da yawa: na'ura guda a girgije ta ɗauki ma'aikata da dama a lokaci ɗaya, kowa yana ganin Windows ɗin da ya saba, ba Windows Server da aka yi wa kwalliya ba. Microsoft bai yarda a gudanar da wannan nau'in a ko'ina ba sai a kan dandalinsa na Azure. Kana iya jin haushin hakan, ni ma ina ji, amma lissafin kuɗi ba ya sauraron haushi: mutum goma sha biyu a kan na'ura guda sun fi na'ura goma sha biyu sauƙi.

Sai batun safiyar nan. Microsoft ya sayi FSLogix a 2018 ya haɗa shi da lasisinsa. Abin da yake yi shi ne ya tattara saitunan mutum da ajiyar Outlook ɗinsa cikin fayil guda mai kama da faifai, idan ya shiga a liƙa masa shi nan take, maimakon a kwafo dubban ƙananan fayiloli kowace safiya. Ka ɗora waɗannan fayilolin a kan ma'adana mai sauri irin Azure Files mataki na sama ko Azure NetApp Files, kar ka yi rowa a nan ko kaɗan. Sannan ka saita faɗaɗa kai tsaye, ta yadda na'urori za su tashi kafin mutane su iso, su ragu bayan tashi daga aiki. Idan kamfani ya ɗauki ma'aikatan wucin gadi na wata uku, ka ƙara na'urori, idan sun tafi ka kashe. Mai sabar a ɗakinsa kuwa dole ya sayi ƙarfe daidai da ranar da ta fi kowace cunkoso a shekara, ya zauna da shi sauran kwanakin.

Ƙofar shiga da mai rarraba zama duk Microsoft ke kula da su, kai kuɗin na'urori da ma'adana da zirga-zirgar bayanai za ka biya. Idan kamfaninka yana da Microsoft 365 E3 ko E5 ko Business Premium, haƙƙin shiga yana ciki. Ka kunna saitin RDP Shortpath domin hoto ya bi ta UDP, hanyar aika bayanai mai ƙarancin jinkiri, ka kuma tabbatar an saita Teams yadda murya da bidiyo za su fita daga na'urar da ke gaban mutum kai tsaye, in ba haka ba taro ɗaya zai shaƙe sabar. Aibin Azure Virtual Desktop biyu ne. Takardar kuɗi tana kumbura idan babu mai sa ido a kan na'urorin da aka bari a kunne. Kuma idan doka ko kwangila ta hana bayananka fita daga ƙasar da babu cibiyar Azure, sai ka nemi wata hanya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Yawancin kamfanoni ba daga waɗannan manyan suke saye kai tsaye ba, ta hannun dillali suke bi, kuma a nan ake cutar mutane.

Cuta ta farko a yawan mutane take. Jadawalin Microsoft ya ce vCPU guda, wato kaso ɗaya na masarrafin sabar, yana ɗaukar mutum 6 masu aiki mara nauyi, 4 masu matsakaici, 2 masu nauyi. Dillali zai ɗauki 6 ya lissafa maka kowa da shi, har da mai buɗe shafuka talatin a Chrome yana kan kiran bidiyo. Farashi ya sauko, ka yi murna, bayan wata biyu a ce maka ka ƙara na'urori. Ka ce ya rubuta a kwangila mutum nawa ne a kan kowane vCPU, RAM nawa ne ga kowa, kuma sakan nawa shiga zai ɗauka a lokacin cunkoso. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

Ta biyu gwajin talla ce. Za a nuna maka kwamfuta mai gudu kamar walƙiya, alhali kai kaɗai ne a kan sabar da ba kowa. Ka nemi a yi gwajin nauyi da manhaja irin Login Enterprise, wadda ke kwaikwayon ɗaruruwan masu shiga a tare, sannan ka sa ma'aikatanka na gaske, musamman masu yawan ƙorafi, su yi aiki a kai daga gidajensu da ofisoshinsu, da firintarsu da kyamararsu.

Ta uku, wadda ta fi haɗari, lasisin bogi ne. Ana tallan makullan Windows da Office a intanet da kuɗi kaɗan, wasu dillalai kuma da su suke gina farashinsu mai rahusa. Araha ba ta ado. Lasisin Windows da ya zo manne da kwamfuta ba ya ba ka haƙƙin VDI, kuma ƙananan na'urorin shiga marasa Windows suna buƙatar lasisin VDA (izinin Microsoft na shiga Windows da ke gudana a sabar) ko wani da ya ƙunshi wannan haƙƙin. Makulli ya karɓu yau ba shaidar halasci ba ne; ranar da aka zo binciken lasisi kamfaninka za a tuhuma, ba dillali ba. Ka ga lasisin da idonka a cikin asusun Microsoft mai sunan kamfaninka. Haka asusun Azure: ya zama naka, kai ne mai babban makulli, dillali baƙo ne da ka ba izini. Akwai masu kiran abinsu girgije alhali sabar biyu ce a ɗaki guda, babu ta ajiya a wani wuri. Ka tambayi adireshin cibiyar, ka tambayi yaushe aka gwada dawo da bayanai na ƙarshe, a nuna maka rahoton.

Idan kuma a ɗakinka za ka kafa, ka yi hankali da tsofaffin SSD da ake sa wa sabon kwali. Kowane faifai yana ajiye tarihin awoyin da ya yi a kunne da yawan abin da aka rubuta a kansa, ana karantawa a bayanan SMART. Ka karanta kafin ka biya, ka kuma duba lambar kowace sabar a shafin kamfanin da ya ƙera ta don ganin garantinta. Masu zane da AutoCAD ko gyaran bidiyo suna buƙatar katin hoto, kuma raba katin NVIDIA tsakanin ma'aikata yana da nasa lasisin daban. Wasu dillalai suna cire shi daga farashin farko da gangan, sai ranar da injiniyoyinka suka kasa juya zane sannan su kawo maka takardarsa.