Zagayen Mont Blanc a ƙafa: kai ya huta, gwiwa ta ji jiki

To jama'a, duk wanda aiki ya sha masa kai har yake tunanin ɗaukar hutu ya tafi yawon duwatsu a ƙafa, ga abin da na gani. Wani kamfani na bi da ke shirya zagayen Mont Blanc (dutse mafi tsayi a tsaunukan Alps na Turai), hanyar nan mai kusan kilomita 170 da ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, in aka haɗa hawan duka ya kai wajen mita 10,000. Yawanci kwana 10 zuwa 11 ake yi, ana tashi daga garin Les Houches kusa da Chamonix a Faransa. Su ke kama maka wurin kwana, su turo taswira a waya, su riƙa kai maka babbar jaka gaba a mota, kai naka 'yar jakar goyo ce da ruwan sha da rigar ruwa shi ke nan.

Maganar gaskiya jiki ba ya hutawa. A tallarsu wai "wahala matsakaiciya", wallahi ban san da wa suka auna ba. Hawa ma da sauƙi, gangara ce ke cin gwiwa, ranar da muka sauka garin Courmayeur na Italiya ba don sanda biyun da nake dogarawa ba da sai dai a ɗauke ni. Amma kai fa yana samun sarari, don duk wunin aikinka ɗaya ne tak, ka isa masauki na gaba kafin yamma, ba mitin ba kiran oga, netwok ma yana zuwa yana ɗaukewa, tun ina ciro waya ina dubawa har na manta a wane aljihu take. A mashigar dutse ta Grand Col Ferret, tsayin mita 2,537, nan ne iyakar Italiya da Suwizalan, babu shinge babu mai tambayar fasfo, sai iska mai sanyi da ke shiga har ƙashi, ka ɗan zauna ka wuce abinka.

Masaukan kan dutse kuwa kar ka sa ran otal. Ɗaki ɗaya gadaje a jere, takalmi a bakin ƙofa za ka bari a ba ka silifas, da wuri ake kashe wuta. Ka tafi da abin toshe kunne, don akwai wani bawan Allah da minsharinsa ya hana ɗaki guda barci.

Inda suka ɓata min rai, ashe wasu masaukan mota ba ta kaiwa, jaka ba za ta iso ba, kuma ba wanda ya faɗa mana sai da muka je, haka na kwana da rigar da na wuni ina zufa a ciki. Shi ya sa na ba su tauraro 4 cikin 5.

Masaukan daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba suke buɗewa kuma gurbi na cika tun da watanni, a kama da wuri. Sannan don Allah kar a zo da sabon takalmi.