Rumfar ƙarfe mai noti bayan damina biyu

Filin da nake ajiye buhunan wake a bakin hanyar Mirya na haya ne. Shi ya sa da na tashi yin rumfa na ce wa mai walda ina son wadda zan iya kwancewa in loda a mota duk ranar da mai fili ya ce in tashi. Wani shago a Sabon Gari, nan Damagaram, na ba aikin, kuma yanzu rumfar ta sha damina biyu.

A tunanina aikin ba wuya: a huda bututu, a huda ɗan'uwansa, a zura dogon noti a ɗaure. Maigidan shagon ya ƙi. Ya ɗauko guntun bututu mai kusurwa huɗu, ya zura noti daga wannan gefe zuwa wancan, ya ja da kile a gabana. Kafin notin ya kama sosai, jikin bututun ya lotsa ciki. Ya ce, "Alhaji, cikinsa fa rami ne, ba abin da ke tokare shi. Ka ɗaure yau, iska ta kaɗa shi wata biyu, ka tarar ya saki."

Sai ya liƙa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8 a kan kowane ginshiƙi, ginshiƙan kuwa faɗinsu milimita 80 a 80 ne, kaurinsu milimita 3. Faranti ke haɗuwa da faranti, noti huɗu ke riƙe su, bututu ba ruwansa da matsi. Farantin ya kuma toshe bakin bututun, ruwan sama ba ya taruwa ciki ya ci shi ta ƙasa. A wurare kaɗan da ya zama dole noti ya ratsa bututu, ya cusa ɗan guntun tiyon ƙarfe a ciki don ya ɗauki matsin. Wannan kaɗai ya biya ni ƙarin kuɗin da na yi ta ƙorafi a kai da farko.

A wurinsa na koyi duba lambar da ake bugawa a kan noti, mai nuna ƙarfinsa. Wanda aka buga wa 8.8 ya ninka mai 4.6 ƙarfi kafin ya tsinke, wanda ba a rubuta masa komai ba kuwa ya ce kada ma ya shigo masa shago. Noti mai milimita 16 ya yi wa huda mai 18, kuma bai bar ƙasa da milimita 30 tsakanin tsakiyar huda da bakin faranti ba, don kada ƙarfen ya yage. Duk wanda ya san iskar da ke riga ruwa zuwa a watan Yuni ya san ɗaga rufi take yi sama. Bara ta kwashe kwanon maƙwabcina, tawa ko kukan ƙarfe ban ji ba.

Amma akwai inda suka ɓata mini rai. Alkawarin kwana 10 ya zama mako 3, kullum maganar ɗaukewar wuta, alhali ina ganin aikin wasu yana fita. Ranar haɗawa huda biyu ba su zo daidai ba, na tarar da yaron shago ya kunna injin walda zai faɗaɗa su da wuta. Na hana shi, na kira maigidansa, ya zo ya sake farantin da kuɗinsa. Hudar da aka ƙona bakinta ba ya daidaita, noti ba ya zama da kyau a ciki, kuma da ba na wurin da haka za a rufe mini. Sannan baƙin noti suka sa, ba mai farin shafen da ke hana tsatsa ba. Damina ɗaya ta sa wasu suka ciza, na sauya na waje duka da aljihuna.

Bayan kaka zan ƙara ɗaki ɗaya ta gabas, kuma wurinsu zan koma. Sai dai wannan karon irin noti da ranar gama aiki za su shiga takarda kafin in ba da kuɗin kafin alƙalami, kuma ranar haɗawa ina wurin tun safe.