Shagon da ya fitar mana da kaushin bangon Balad

Mu huɗu malamarmu ta haɗa a rukuni ɗaya, ta ce kowane rukuni ya zaɓi unguwa a Jidda ya kawo mata abin da hannu ke ji idan ya shafa bango ko ƙofa ko daɓe. Mu muka ɗauki Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Mako uku muna zagaye daga Bab Makka, ɗaya daga tsofaffin ƙofofin garin, zuwa kasuwar Alawi, muna ɗora takarda mara kauri a jikin gini, mu goga gawayin zane a hankali har siffar wurin ta bayyana. Inda shafen bango ya fara marmashewa ba mu taɓa ba, kuma ƙofar da ke da mai ita sai mun nemi izini.

Muka tara takardu sittin da 'yan kai. Mafi yawansu na dutsen murjani ne, wanda mutanen nan ke kira mangabi, da aka gina gidajen da shi, duk jikinsa ƙananan ramuka kamar soson wanka. Akwai na katakon da magina ke shimfiɗawa tsakanin jerin duwatsun don ya raba nauyin ginin, akwai kuma na sassaƙar rawashin, tagogin katakon nan masu turowa waje. Ni har ɓawon darbejiyar da ke gaban gidan Nasif na goga, gidan da aka kammala a 1881, don ita ce ta tuna mini da ƙofar gidan kakata.

Saura bugawa. Ana son alluna shida masu girman A1, wato santimita 59 da ɗigo 4 a faɗi, 84 da ɗigo 1 a tsawo. Shago biyu muka fara shiga, duka suka ce mu ɗauki hoto da waya mu turo ta WhatsApp. Na gwada ɗaya, ramukan murjanin suka koma toka-toka kamar hayaƙi. Na uku wani ƙaramin shago ne da ba shi da nisa da Bab Makka, kuma saboda shi nake wannan rubutun.

Dattijon da ke kula da na'urorin ya ji ina amsa wayar mahaifiyata da Hausa, sai ya ɗago ya ce, "'Yata, kawo in gani." Ashe Bahaushen Sudan ne, a Port Sudan ya tashi. Ya ɗaga takarda ɗaya ya kanga ta da haske, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan dutsen ya san shi tun yana yaro, irinsa aka gina Sawakin da shi, har rawashin ɗin ma akwai su a can. Ban yi masa bayanin aikinmu ba, shi ya yi mini.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi takardar da muka zo da niyyar saya. Ɗaya daga cikinmu ta dage kan mai sheƙi, don ita ce ke ɗaukar ido a ɗakin baje koli. Bai yi musu da ita ba. Ya buga kusurwa ɗaya ta zanen a kan mai sheƙi da marar sheƙi, ya jingina su a bango ƙarƙashin fitila, ya ce mu ja da baya taku uku. A mai sheƙin fitilar kawai muke gani. A ɗayar kuwa sai ka ji kamar ka miƙa yatsa ka sa cikin ramin. Nan gardamar da muka kwana huɗu muna yi ta mutu, kuma bai karɓi ko halala ɗaya na gwajin ba.

Na'urar sikan ɗinsa ba ta wuce A3 ba, wato kwatan girman A1, don haka manyan takardun sai ya ɗauke su gida biyu ya haɗa a kwamfuta, a kan ɗigo 600 cikin kowane inci. Na zura ido neman inda ya haɗa, ban samu ba. Gawayi kuma yana ɓata gilashi, bayan kowace takarda sai ya goge da ƙyalle. Shi ya ce mu fesa wa sauran maganin kama gawayi kafin mu sa su a jaka, domin uku daga ciki sun riga sun dame a hanya. Waɗannan ukun har yau suna yi mini ciwo, akwai ta wata ƙofa a unguwar Harat al-Sham ta cikin Balad da ban sake samun ta a buɗe ba.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. An ce mana Talata bayan la'asar, ba mu karɓa ba sai Laraba bayan isha, alhali Alhamis da safe za mu gabatar. Yaron da ke yanka kwalin kuma ya ci gefen allo ɗaya da kusan yatsa guda, har ya taɓa rubutun ƙasa. Na ce, "Baba, wannan fa ba zai shiga ba." Ya duba, ya ce gaskiyata ce, ya sake bugawa a daren ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma sai sha ɗaya da rabi yayana ya dawo da ni gida. Kuɗin nasu ya ɗan ɗara na shagunan kusa da jami'a, kuma wajen ajiye mota wahala ne, gara a sauke ki ki taka.

Ɗalibar da aikinta ya dogara da zanen hannu, gawayi ne ko fensir ko tawada, ta kai masa ainihin takardar, kada ta tura hoto. Ta ba shi kwana biyar kafin ranar gabatarwa, ta kuma tsaya a kan mai yankan har ya gama. Zangon karatu mai zuwa aikin saƙa za mu yi, na riga na tambaye shi ko na'urarsa za ta iya ɗaukar zaren tsohon gwadon kakata, ya ce in kawo ranar Asabar da safe kafin shagon ya cika.