Wasiƙa daga Ingila: yadda ake kwantar wa mai tsoron likitan haƙori hankali

Yaya, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Tun da kika ce haƙorin nan yana hana ki barci amma kin kasa zuwa a duba, hankalina yake wurinki. Na san ciwon, na kuma san fargabar, domin ni ma na daɗe da kogo a haƙori a nan ina ta ɗaga ranar zuwa. Da na je, kafin likitar ta ce in buɗe baki sai da ta tambaye ni me nake tsoro: allura, ƙarar inji, ko shaƙewa. A wurinsu tsoron nan abin magani ne, ba wanda zai ce miki ki daure kawai.

Allurar da ake yi a dasashi wurin kawai take kashewa, kina nan ido biyu da fargabarki. Abin da ke kwantar da hankali daban ne, kuma haɗa su ake yi.

Mafi sauƙi shi ne iskar da ake shaƙa ta hanci, naitiros oksaid, gauraye da oksijin. Tsohuwar hanya ce, tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya gwada ta a kansa. Jiki yakan saki, yatsu su ɗan yi zir-zir, ana magana kina amsawa, kuma mintuna kaɗan bayan an kashe ta kin wartsake. Yara aka fi ba. Sai dai wanda mura ta toshe masa hanci ba za ta yi masa aiki ba.

Ni ta jijiya aka yi mini, da maganin midazolam, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da mai tsoro irin namu. Aka sa ƙaramar allura a bayan hannuna, aka maƙala mini na'urar auna oksijin a yatsa, aka riƙa ƙara maganin kaɗan-kaɗan. An ce na yi ta amsa tambaya ina buɗe baki, amma ko kaɗan ban tuna lokacin da aka cire haƙorin ba. Wannan mantuwar aikin maganin ne. Suna kuma ajiye da wani, flumazenil, wanda ke karya ƙarfinsa idan ya yi yawa. Sharaɗinsu mai tsauri ne: ba za su fara ba sai sun ga babban mutum da zai mayar da ke gida, sannan awa 24 ba tuƙi, ba sa hannu a muhimmiyar takarda.

Wajen ƙwayar sha ne ƙasashen suka bambanta. A Amurka ana yawan ba da triazolam, a nan kuwa an janye shi daga kasuwa tun 1991, sai su temazepam. Ƙwaya ba ta kwanta mini ba, don in an haɗiye ta shi ke nan, ba a iya ba da ita kaɗan-kaɗan ana daidaita yawanta kamar ta jijiya.

Sa mutum barci gaba ɗaya kuwa, tun ƙarshen 2001 aka hana yin sa a ɗakin likitan haƙori a Ingila, bayan an yi asarar rayuka, har da na yara. Sai a asibitin da ke da sashen kula da masu tsananin rashin lafiya, kuma jira ake yi.

Don Allah, Yaya, kada ki sha wani maganin barci da kanki kafin ki je. Ki gaya wa likitan kina tsoro, ki nuna masa maganin hawan jininki, ki tambaye shi wacce suke da ita a cikin waɗannan, da wanda zai tsaya yana duba numfashinki. Duk abin da ya ce ki kira ni mu yi shawara.