Sharhi kan l3msg: saƙon kuskure a LaTeX ya samu gata

LaTeX manhaja ce ta tsara rubutu don bugawa, fakiti kuma ƙari ne da ake haɗa mata. Duk mai rubuta fakitin LaTeX ya san \PackageError, wanda ke nan tun fitowar LaTeX2e a 1994. Yana karɓar abu uku: sunan fakiti, saƙon, da bayanin taimako da ke fitowa idan mai amfani ya buga h. Yana aiki, sai dai wahalarsa da yawa. Kai za ka riƙa yanka layi da \MessageBreak, ka sa \protect gaban kowane umarni don kada ya warware, kuma saƙonni na warwatse ko'ina cikin fayil.

Tsarin l3msg na expl3 (yaren shirye-shirye na LaTeX3), wanda ya shiga cikin LaTeX kanta tun 2020, ya raba rubuta saƙo da kiransa. Da \msg_new:nnnn ake ajiye shi sau ɗaya, da suna, sannan a kira shi da \msg_error:nn, \msg_warning:nn ko \msg_info:nn. Na farko, \msg_error:nn, yana dakatar da aiki ya jira mai amfani, na biyu yana fitowa a allo da fayil ɗin log, na uku kuwa a log kaɗai yake sauka. Akwai kuma \msg_critical:nn da ke daina karanta fayil ɗin da ake ciki, da \msg_fatal:nn da ke kashe aikin gaba ɗaya. Layi yana naɗe kansa a haruffa 78, kuma saƙo na ɗaukar gurbi har huɗu, #1 zuwa #4.

Inda ya fi burgewa shi ne \msg_redirect_name:nnn. Gargaɗin da ya dami mutum ana iya mayar da shi info, ko a rufe bakinsa da none, ba tare da an taɓa fakitin ba.

Amma akwai tarko. A cikin \ExplSyntaxOn, umarnin da ke kunna tsarin rubutun expl3, ba a lissafa sarari, don haka wanda ya manta da ~ mai tsayawa a madadinsa zai ga kalmominsa sun manne kamar danƙo. Na biyu, \PackageWarning, umarnin gargaɗi na tsohuwar hanya, yana ƙara lambar layi da kansa, shi kuwa \msg_warning:nn ba ya yi. Sai ka sa \msg_line_context: da hannunka, in ba haka ba mai amfani ya yi ta lalube a takarda mai shafi ɗari. Haka kuma abin da aka miƙa ta gurbi mai alamar n (kamar n na ƙarshe a \msg_error:nnn) yana fitowa yadda aka rubuta shi. Idan ƙimar da ke ciki ake so, sai a yi amfani da \msg_error:nne.

Ga ɗan fakiti mai gargaɗi biyu, tsohuwar hanya ta wadatar. Da zarar saƙonni sun haura goma, l3msg ya fi.