Daren vikivaki a Reykjavik: dattijuwa ta wanke min zuciya, masu shirin sun ɓata min rai

Na sayi tikitin daren rawa da waƙar gargajiya da wani kamfanin yawon buɗe ido yake shiryawa a Reykjavik, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Aisland ya san yadda kuɗi ke narkewa a hannu. Da farko raina ya ɓaci ƙwarai. Aka kunna kiɗa a lasifika, matasa suka fito suna juyi. Vikivaki kuwa rawa ce da ake yi a da'ira, muryar masu rawar ita ce kiɗanta. Me ya kawo lasifika?

Sai wata dattijuwa ta fito cikin baƙaƙen kaya, da 'yar hula mai doguwar jela tana reto a kafaɗarta. Ta sa aka kashe na'urar. Ta zauna, ta ɗora hannu a gwiwa, ta fara rera rímur, dogayen labaran nan da suke saƙawa a waƙe tun ƙarni na 14, waɗanda ake rerawa a gidajen gona da daren hunturu ana aikin ulu. Wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba, amma tsigar jikina ta tashi. Takan ja ƙarshen baiti har sai numfashinta ya kusa ƙarewa, ta ɗan yi shiru, sannan ta ɗora. Daga nan ta tashe mu muka kama hannu, taku biyu hagu, ɗaya dama, tana bayarwa muna amsawa, kamar gaɗa a dandali. Ta gaya mana limaman coci sun yaƙi rawar har ta mutu a ƙarni na 18, sai a ƙarni na 20 aka farfaɗo da ita. A nan na ce kuɗina sun halatta.

Amma har yanzu idan na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya sake sosuwa. Tana tsakiyar baiti jagoranmu ya tafa hannu, wai mota na jira. Baiwar Allah ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Motar ma ba ta tashi ba sai da aka zagaya da mu shagon rigunan sanyi. Langspil ɗin da suka saka a talla, wannan doguwar akwatin mai tsirkiya da ake gogawa, yana kan tebur har muka fita ba wanda ya taɓa shi. Na rubuta musu, shiru.

Ba zan sake ba su kuɗina ba. Mai son abin da gaske ya nufi garin Siglufjordur da ke arewacin Aisland a watan Yuli, lokacin bikin waƙoƙin gargajiya; a garin ne Bjarni Thorsteinsson, wanda ya tattara waƙoƙin ƙasar aka buga tsakanin 1906 da 1909, ya yi limanci.